Rahila ta karanta littattafan tafiyata, ta ce ba ta ga sunanta ba

Malam Ayuba (Aboabo): Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina gajiya, ina iyali? Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na kasa haɗiye ta ni kaɗai. Kun san ni tela ne, kuma tun 2013 nake fita bishara zuwa arewacin Ghana, sau biyu ko uku a shekara, galibi ƙauyukan da ke bayan Walewale zuwa wajen Gambaga da Nalerigu. Duk shekara nakan sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. A ciki nake sa komai: ƙarfe nawa mota ta tashi, sidi nawa na biya, yaushe muka wuce Techiman da Kintampo, yaushe muka haye gadar Buipe, wa ya sauke ni, me muka ci, wace aya na karanta, wa ya yi tambaya kuma me na amsa masa. Yanzu sun kai 14, suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin keken ɗinki.

Rahila, babbar 'yata, tana shirin jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare. Ta buɗe akwatin tana neman takardar da ba a yi rubutu a kai ba, sai ta zauna ta karanta. Da muka dawo daga sujada ta same ni a shago ta ce, "Baba, a watan Agustan 2019 ka rubuta cewa ɗan mai masaukinka ya yi zazzaɓi, har sunan maganin da aka ba shi ka sa. A makon nan ni ma ina kwance a asibiti. Na duba shafi bayan shafi ban ga sunana ba." Ba ta ɗaga murya ba, ta faɗa ta koma gida. Na ɗauko littafin na duba, gaskiyarta ce. Na san ba ta da lafiya, uwarta ta kira ni, na durƙusa na yi addu'a a daren. Amma hannuna bai rubuta ba. Na bi sauran 13 ɗin, sunan gidana bai fito ba sai inda na sa kuɗin da na bari na cefane. Tambayata biyu ce. Abin da na rubuta shekarun nan, gaskiyar tafiyar ke nan ko rabinta? Sannan in rage fita ne?

Bulus (Nima, Accra): Malam, kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Littafin aiki ne, kamar wanda direba ke riƙewa. Wanda ya je gona lissafin gona yake yi. Ubangiji ma ya ce wanda ya fi ƙaunar ɗa ko 'ya a kansa bai cancanci zama nasa ba, Matiyu 10:37. Mu da muke nan Accra rahotanninka ne suke tayar mana da himma. In ka rage fita, wa zai je?

Saratu (Tafo): Ɗan'uwa Bulus, ka yi haƙuri, ayar nan an sha karanta mana ita muna yara, kuma kullum a bakin ƙofa ake karanta ta, lokacin da Baba ya ɗaure kaya a bayan keke. Ni 'yar mai bishara ce, a wajen Garu na tashi. Mahaifinmu mutumin kirki ne, har ya koma ga Ubangiji ban taɓa jin ya yi wa wani ƙarya ba. Amma yakan yi mako uku ba ya gida, in ya dawo labarin 'ya'yan wasu zai ba mu: wance ta haddace Zabura 23, wane ya karɓi baftisma. Mu kuwa muna zaune da namu labarin a ciki, ba wanda ya tambaya. Yayana ya bar zuwa coci yana da shekara 17, har yau bai koma ba. Bai taɓa cewa ya daina ba da gaskiya ga Allah ba, abin da yake cewa shi ne coci ta cinye masa uba. Don haka da na karanta maganar Rahila, hawaye na yi a wurin aiki. Yarinyar nan ba ta ce kada babanta ya tafi ba. Nema take ta san ko tana cikin zuciyarsa a can, kuma littafin ne kaɗai shaidar da ta samu.

Mama Ladi (Asawase): Saratu 'yata, Allah ya sanyaya miki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Bulus (Nima, Accra): Yaya Saratu, ban raina abin da kika sha ba. Amma manzo Bulus bai cika wasiƙunsa da zancen gida ba.

Fasto Dauda (Sawaba): Bulus, ka sake buɗe Romawa sura 16. Kusan duk surar gaisuwa ce, suna bayan suna: Fibi, Bilkisu da Akila da suka sa wuyansu saboda shi, uwar Rufus da ya ce shi ma uwarsa ce. Har Tartiyus da ya riƙe alƙalami ya sa tasa gaisuwar a aya ta 22. A 1 Korantiyawa 9:5 kuma ya nuna cewa Kefas, wato Bitrus, da sauran manzanni da matansu suke tafiya. Mutumin da yake kurkuku yana roƙon Timoti ya zo masa da mayafinsa da littattafai da fatun rubutu, wannan bai ɗauki rubutu da zaman mutane a matsayin abin banza ba.

Ni dai ayar da ta fi damuna yau ita ce 1 Sama'ila 30:24. Mutum 200 daga cikin mutanen Dawuda suka gaji, suka tsaya a rafin Besor wurin kaya, 400 suka bi Amalekawa. Da aka dawo da ganima wasu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya. Dawuda ya ƙi, ya ce rabon mai tsaron kaya daidai yake da na wanda ya shiga yaƙi, ya kuma mai da shi doka a Isra'ila. Malam Ayuba, kafin in ce maka komai sai in fara da kanmu shugabanni. Muna karɓar baiko don kuɗin mota, mu ɗora maka hannu a gaban jama'a, mu raka ka tasha. In ka dawo mu ba ka minti 20 a kan bagade. A shekarun nan duka ban tuna ranar da na kira Maman Rahila gaba na ce ikilisiya ta yi mata addu'a ba, ban kuma tuna na aiki dattijo ya leƙa gidanka a tsakiyar tafiya ba. Littafinka ya yi kama da yadda mu ma muke lissafi.

Baba Yohanna (Asokore Mampong): Ayuba ɗana, bari tsohon malamin makaranta ya sa baki. Duk wanda ya bi ta Adum ya san majami'ar Firesbiteriyan mai sunan Ramseyer. Mutumin Suwizalan ne, ɗan mishan ɗin Bazel. A 1869 mayaƙan Asante suka kama shi a Anum, suka koro shi a ƙafa zuwa Kumasi, aka riƙe shi har farkon 1874. Ya fita, amma a 1896 ya dawo garin da aka tsare shi ya kafa aiki. Wannan kowa ya sani, ana faɗarsa a wa'azi. To, mutum nawa ne suka san ba shi kaɗai aka kama ba? Da matarsa Rosa aka kama shi, da jaririnsu, kuma jaririn a hanya ya rasu kafin su iso. Matar nan ta yi duk shekarun tsarewar tare da shi, ta haihu a nan. Mun san haka ne domin an rubuta. Da ya rubuta wa'azinsa kawai, da mun ɗauka aikin bai ci kowa ba sai shi.

Haka Freeman na Metodis, wanda ya iso Kumasi a 1839. Ya sauka Cape Coast a farkon 1838 da matarsa, ba su yi wata biyu ba ta rasu. Ina koya wa yara tarihin nan shekaru da yawa, sunayen maza nake sa su haddace. Sai da na tsufa na ga abin da na tsallake. Amsar tambayarka ta farko, a ganina, rabi ka rubuta. Rabin da ka rubuta gaskiya ne, kada ka yaga ko shafi ɗaya. Amma tafiyar Agustan nan mutum biyu suka yi ta, ɗaya a Gambaga ɗaya a bakin gadon asibiti.

Iliya direba (Aboabo): Baba ya gama magana. Ni nawa na hanya ne. Malam, Agusta ba watan shiga ƙauyukan can ba ne. Ruwa ya sauka, kuma wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba ne ake buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, kogin Bolta ya cika ya malale gonaki. Babbar hanya daga nan zuwa Tamale kilomita 380 ce ko kusa, wannan ba matsala, amma da ka sauka daga kwalta sai abin da Allah ya yi. Mutum ya ce kwana biyar zai yi, ya yi goma. Ka mai da fitarka rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Manoma ma sun gama girbi, suna da lokacin zama su saurare ka.

Hannatu (Madina, Accra): Ku gafarce ni in ɗan kauce. Abin da ya tsorata ni shi ne akwai sunayen mutane da ƙauyukansu a littattafan, kuma akwatin ba a kulle yake ba. Wani ya zo maka da dare ya yi tambaya a asirce, bai gaya wa danginsa ba. Haka ma hotunan da wasunmu ke sawa a Facebook da WhatsApp, fuskar mutum a fili ana masa baftisma, an rubuta sunan garin a ƙasa. Kai ka hau mota ka dawo Kumasi, shi yana can da iyayensa da surukansa. Ko an tambaye shi kafin a sa?

Malam Ayuba (Aboabo): Hannatu, wannan gaskiya ce. Hoto ban taɓa sawa ba sai da izini, amma sunaye suna cikin littafi. Yau zan sayi kwaɗo. Daga yanzu harafin farko kawai zan riƙa sawa.

Saratu (Tafo): Wani abu da ban ga an lura da shi ba: da Hausa Malam ya rubuta, kuma Rahila ta karanta. 'Ya'yana uku, Hausa suke yi a gida da kan layi, amma in ka ba su a rubuce sai su tsaya suna haɗa baƙi. Turanci da Tonanci, yaren Asante, ake koya musu a makaranta.

Malam Ayuba (Aboabo): Uwarta ce ta koya mata, da Littafi Mai Tsarki, a addu'ar safe. Kowa aya ɗaya, a zagaya. Ni sau da yawa na riga na fita buɗe shago.

Baba Yohanna (Asokore Mampong): To ka gani. Littafin da Likita Mila da abokan aikinsa suka yi shekaru suna fassarawa a ƙasar Zariya, aka buga cikakkensa a 1932, shi ne ya zama allon karatun 'yarka a Aboabo. Rubutun Hausa kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin fataken goro na Salaga ake yinsa da ajami. Imam Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da tarihi da Hausa da Larabci, kuma abin da idonsa ya gani ya rubuta, har da zuwan Turawa. Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu sanin darajar alƙalami a zangon nan. Luka ma a farkon bishararsa ya gaya wa Tiyofilus cewa ya bi diddigin kome tun daga fari kafin ya rubuta bi da bi. Bin diddigi ya haɗa da tambayar waɗanda suke wurin da kai ba ka nan. Ayuba, ka taɓa zama ka tambayi uwargidanka yadda makon asibitin nan ya wuce?

Maman Rahila (Aboabo): Salama Baba, salama Fasto, iyayena da 'yan'uwa. Ina cikin zauren nan tun da aka buɗe shi, ban taɓa rubutu ba. Maigida ya nemi izinina kafin ya kawo maganar, na ce ya kawo. Tunda Baba ya yi tambaya bari in amsa, don kada a ɗora masa abin da ba nasa ba ne duka.

Daren Talata ne. Jikin Rahila ya yi zafi tun yamma, na ba ta magani, wajen ƙarfe 1 na dare ta fara fisge-fisge, idonta ya juye. An ɗauke wuta. Ƙannenta biyu suna barci, ƙaramin yana goye. Na fita tsakar gida na yi ihu. Wadda ta fara fitowa Hajiya ce, mai ɗakin da ke kallon namu, da tocila a hannu. Ta tashi ɗanta ya fito da keken hayarsa, ita ta zauna da yarana har gari ya waye, ta dama musu koko ta sai musu ƙosai. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, jininta ya yi ƙasa. Kuɗin da maigida ya bari sun ƙare a rana ta biyu, Hajiya ce ta kwance bakin zanenta ta ba ni, ba ta ce yaushe zan biya ba. Zumuntar mata sun zo rana ta uku, sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Ba su sani ba ne da wuri, ni ma ban faɗa ba.

Shi kuwa maigida, abin da na gaya masa a waya shi ne Rahila na zazzaɓi, muna asibiti, da sauƙi. Ban ce masa ta suma ba. Na san halinsa, zai hau babur cikin ruwan nan da dare ya nemi Walewale, ni kuma ba zan iya jinya biyu ba. Da ya dawo ta riga ta warke, na ga ya gaji ya rame, ga mutane suna ta zuwa jin labarin tafiya, sai na yi shiru. Shirun ya kai shekaru. Don haka bai rubuta ba, ni ma ban ba shi abin rubutawa ba.

Ban ce ya daina fita ba. Da saninsa na aure shi, kuma ni ma ina da rabo a aikin nan, Fasto ya faɗi ayar da na daɗe ina riƙe da ita a zuciya. Abu uku nake roƙo. In ya ce ranar kaza zai dawo, ya dawo, in hanya ta hana ya faɗa mini gaskiya ni ma in faɗa masa tawa. Kada ya yi tafiya a makon jarrabawar yarinyar nan. Sannan ya rubuta abin da Hajiya ta yi a littafin 2019, ko a bangon baya ne. Ya yi mata godiya da baki, na sani, amma ina so jikokinmu su karanta su san wadda ta riƙe gidan a daren.

Mama Ladi (Asawase): Kai, 'yar nan. Ni ce shugabar zumunta a lokacin, kuma sai yau na ji ta suma. Ki yafe mana. Amma ke ma kada ki ƙara irin wannan shirun, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Bulus (Nima, Accra): Mama, na karanta sau biyu, jikina ya yi sanyi. Na janye maganar littafin direba. Amma har yanzu akwai abin da ban warware ba, kuma da gaske nake tambaya don ina shirin aure a Disamba, ina kuma jin kira. In ƙofa ta buɗe a wani ƙauye, mai gari ya ce ku zo makon nan, makon kuma ya faɗa kan jarrabawa ko haihuwa, wanne za a bari? Ba kullum ake samun yadda za a raba ba.

Fasto Dauda (Sawaba): Ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowane gida. Abin da na sani, mutumin da aka fitar wa aljanu a Markus 5 ya roƙi ya bi Yesu cikin jirgi, Yesu ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya ba da labari, wasu kuma ya ce su bar taru su bi shi. Duka biyun kira ne. Inda muke kuskure shi ne mutum ɗaya muke aikawa shekara da shekaru, har ya zama in bai je ba babu mai zuwa. Da muna da mutum huɗu da suka san hanyar, tambayarka da ta yi sauƙi. Kuma ka yi wannan zancen da wadda za ka aura tun yanzu, kafin a ɗaura.

Saratu (Tafo): Ni ban yarda duka biyun nauyinsu ɗaya ba ne, Fasto, in yaro na kwance. Ƙauyen zai samu wani mai wa'azi, Rahila uba ɗaya gare ta. Amma na bar shi a nan. Malam, roƙona kada ka nuna mata wannan muhawarar a matsayin amsa. Ka zauna da ita ku biyu, ka bar ta ta faɗi nata, ko da zai yi maka ɗaci.

Malam Ayuba (Aboabo): Na gode muku duka. Jiya da dare na rufe shago da wuri, Maman Rahila ta ba ni labarin daga farko, abin da ta rubuta a nan kaɗan ne daga ciki. Na rubuta shafi shida, na manna su a ƙarshen littafin 2019 da kwanan watan jiya, don kada ya zama kamar a lokacin na rubuta. Da safe mun shiga wurin Hajiya mu biyu na karanta mata nata wurin, ta ce ai maƙwabtaka ce, ta gyara mini abu ɗaya: ba ɗanta na fari ne ya tuƙa keken ba, na biyun ne. Da Rahila ban zauna ba tukuna, ta ce sai ranar Asabar in ta dawo daga darasi. Tafiyar da na shirya na ɗaga ta zuwa Nuwamba. Na kira mai masaukina na faɗa masa dalili, bai ji daɗi ba don sun riga sun sanar da mutane, amma ya ce zai riƙe taron Lahadi da kansa kafin nan. Bulus, in za ka iya samun kwana shida a Nuwamba kafin bikinka, ka zo mu tafi tare ka ga hanyar.

Bulus (Nima, Accra): Zan tambaya a wurin aiki, zan kuma tambaye ta. Zuwa Juma'a za ka ji daga gare ni.

Fasto Dauda (Sawaba): Zan kai maganar leƙa gida gaban dattawa ranar Laraba bayan addu'a. Mama Ladi, ki turo mini sunan mata biyu da ke kusa da Aboabo.

Iliya direba (Aboabo): In kun tsai da rana ku gaya mini da mako guda, in kama muku kujera a motar safe. Ta dare ba na so ku hau.